Sharar da Kathiresan Ya Yi

Duk wanda ya yi aiki a hawa na uku na kamfanin nan da ke Taramani, a birnin Chennai, ya san Kathiresan, kuma da wuya ka sami wanda ya san shi ya yi marmarin ƙari. Dogo ne busasshe, ɗan Tirunelveli. Ubansa mai gyaran keke ne, ya mutu ya bar masa gado biyu: tsabta da baƙar zuciya. Gaisuwa ma sai ya auna ka kafin ya amsa.

Aikinsa kula da manyan na'urorin ɗakin sanyi, waɗanda ake kira uwar garke. Kowace ɗaya tana goye da ƙananan kwamfutoci a cikinta, ido ba ya ganinsu, amma a kansu cinikin mutane yake tafiya. Ya iya aikin, wannan ba a musu. Sai dai tun gashinsa yana baƙi har furfura ta soma leƙowa, ma'aikacin wucin gadi ne. Igiyar katin shaidarsa ja, ta 'yan gida, ma'aikatan dindindin, shuɗiya. Duk shekara a sabunta masa kwantiragi kamar ana ba shi sadaka. Kalmar nan ta wucin gadi ta tsaya masa a maƙogwaro, ba ta haɗiyuwa, ba ta tofuwa.

A kujerar da ke kusa da tasa akwai Dhandapani, shi ma mai jar igiya, wanda ya zo daga baya. Ba sa ga-maciji. Dhandapani ƙazami ne mai fara'a, yana cin wainar vada a kan teburin aiki, yana goge mai a wando, kuma kowa yana son sa, abin da ya fi ƙona wa Kathiresan rai ke nan. Dhandapani yana kiran Kathiresan anna, wato yaya, amma da wata murya wadda gara zagi da ita.

Sai shugabarsu, Madam Sulochana, ta ce gurbi ɗaya ya samu. Bayan bikin Ayudha Puja, ɗaya daga cikinsu zai rataya shuɗiyar igiya, ɗayan kuma ba ta yi masa alkawarin komai ba.

Jajiberin bikin kowa yana wanke abin da yake ci da shi. Direba ya wanke motarsa, tela ya goge kekensa, a shafa musu ƙullin sandal, a rataya furanni, a bar su su huta. A ɗakin sanyi ba a iya kashe komai duka, don haka aka kwashe kayan uwar garke ɗaya aka ɗora wa 'yar'uwarta, ita kuma aka kashe ta, ta huta a madadin sauran. Kathiresan ya goge ƙura har bayan wayoyi. Da ya gama da waje, sai ya ce ai ubansa bai taɓa wanke keke ya bar sarƙa da datti ba. Ya zauna ya shiga sharar cikin ma'ajiyar bayanai da na'urorin suke amfani da ita.

Can ya ci karo da wata folda, sunanta rabi na Dhandapani, rabi kalmar nan da Kathiresan ya tsana, wucin gadi. Cike take da tarkacen fayiloli marasa kan gado. Ya ji daɗi har cikin ƙashinsa. Bai tambayi kowa ba, ya goge ta, ya je ya karɓi rabonsa na ayaba da gasasshiyar shinkafar da ake rabawa a bikin.

Washegarin biki aka kunna na'urar. Ta tashi, amma da gargaɗi a goshinta: ba ta ga wurin da take zuba rubuce-rubucenta na yau da kullum ba. Ta ƙi karɓar sabuntawar da aka shirya mata, saboda haka ba a iya mayar mata da kayanta ba. 'Yar'uwarta kuwa tana nishi da kaya biyu, masu hulɗa da kamfanin sun soma bugo waya.

Kathiresan ya ga haƙarsa ta cim ma ruwa, don Dhandapani ne ya saita wannan na'ura tun farko. Ya ja kujera gaban Madam, ya naɗe hannun riga. Ya duba faifai, lafiya lau. Ya duba hanyar da ta haɗa na'urar da ma'ajiya, babu abin da ya katse. Yana bincike yana sakin magana, cewa wasu ba aiki suka zo yi ba, ci suka zo. Dhandapani na tsaye da kofin kofi.

"Madam, duk wanda ya jawo wannan, ko waye shi, a nuna masa ƙofa," in ji Kathiresan. "Baragurbi ba a barin sa cikin ƙwai."

Ta ce ta ji, ya ci gaba. Sai ya buɗe saitin da ke nuna inda na'urar take neman ma'ajiyarta ta wucin gadi. Sunan foldar ya fito a allo, ɓaro-ɓaro, rabi na Dhandapani. Duk sanyin ɗakin nan, gumi ya keto wa Kathiresan.

Dhandapani ya sunkuyo ya karanta, ya kurɓi kofinsa.

"Anna, ina foldata? Na bar ta nan ranar shara."

"Wa ya ce ka sa wa abu mai muhimmanci irin wannan suna? An rubuta wucin gadi, shara ce!"

"Sunanta ke nan tun daga masu ƙera na'urar, ni nawa kawai na liƙa. Wucin gadi ce, amma ka ga in babu ita gidan ba ya tsayuwa. Na ɗauka kai ka fi kowa sanin haka."

Babu wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi sauƙi. Kathiresan da hannunsa ya sake ƙirƙirar foldar, ya nuna wa na'urar hanya, ya kashe ta ya kunna. Gargaɗin ya ɓace, kafin a sha kofi na yamma komai ya koma daidai. Gyaran bai kai wahalar ɗaure takalmi ba.

Madam ba ta yi faɗa ba. Ta kira shi ofis ta ce kuskure kowa yana yi, kuma da ya yi shiru da ta rufe maganar. Amma ya yanke hukunci a gaban jama'a, ita ba za ta iya yi masa rangwamen da shi bai yi niyyar yi wa wani ba. Baki shi kan yanka wuya.

Ƙarshen wata ya kwashe kayansa. Ya goge teburin tas, har ƙarƙashinsa, bai yi wa kowa sallama ba. A bakin ƙofa ya cire jar igiyar ya miƙa wa mai gadi. Mai gadin ya ce ya jefa ta a kwandon can, irin waɗannan ba a ajiye su.