Allurar Sagiru Ba Ta Shiga Ja

Yayana Sagiru taurin kai gare shi, ni Bilki da muke ciki ɗaya ba zan ɓoye ba. Ana ƙirƙiro jihar Jigawa ya bar gyaran rediyo a Ringim, ya tattara ya koma Dutse da miksa ɗaya, da amfilifaya, da sifiku biyu da ya harhaɗa da hannunsa. Biki ne, suna ne, walimar ƙarin girma ce, shi ake nema.

A fuskar miksar nan akwai wata 'yar allura da ke rawa idan sauti ya shiga, can ƙarshen hanyarta kuma ja ne. Dokarsa ɗaya ce tal: allura ta yi wasanta yadda ta ga dama, amma kada ta taka ja, don da ta taka murya ta fashe, sai ƙara babu magana. Kafin a fara taro sai ya sa a yi magana a makirfo, ya saita kowane layi shi kaɗai, sannan ya taka har ƙarshen fili ya kasa kunne. Samari sun sha ce masa ya ƙara wuta. Ko kallo ba su ishe shi ba.

Da Shari'a ta zo, kiɗan biki ya mutu a unguwarsu. Kayan suka yi wata da watanni a lulluɓe da tsohon zani, gidan kuwa ƙosan matarsa Zakiyya ne ya riƙe shi. Sai ga azumi, kwamitin wani masallaci ya ɗauke shi ya kula da sautin tafsirin la'asar. Aikin da ya rage masa ke nan a duk faɗin garin, kuma ya sani sarai.

Shugaban kwamitin, Alhaji Idirisu, ba abin da ya tsone masa ido irin masallacin tsallaken titi da ya fi nasu amo. Ran uku ga wata, alaramma na tsaka da jan baƙi, Alhaji ya sunkuyo kan Sagiru.

"Kai mai kiɗa, ƙara."

"Allah ya ƙara girma, Alhaji, iyakarta ke nan. Na je har wajen mata, suna ji tar."

"Na ce ka ƙara. Nan ba gidan biki ba ne da za ka nuna mana iyawa."

Sagiru bai motsa ba. Alhaji ya miƙa hannu ya murɗa maɓallin ƙara sauti da kansa, allura ta faɗa ja ta kwanta. Ina zaune cikin mata a bayan asabari, wallahi muryar alaramma ta koma kamar ana jan kwano a siminti, ba ka raba harafi da harafi.

Yayana ya mayar da ita inda take, ya kife tafin hannunsa a kai.

"In ba ka ɗauke hannun nan ba," in ji Alhaji, "yau ce ranarka ta ƙarshe."

Bai ɗauke ba har aka shafa fatiha.

Na same shi yana naɗe wayoyi, na rufe shi da faɗa, don raina ya ɓaci kuma tsoro nake ji masa. Na ce, "Haba Yaya, a kan 'yar allura za ka zubar da abincinka? Me za ka ce wa Zakiyya?"

Ya ɗaure wayar, ya saɓa sifika a kafaɗa.

"Bilki, shekara tara ina yi wa mawaƙa aiki, ban taɓa fasa muryar ko ɗaya ba. Ba zan fara da Alƙur'ani ba."