Mai Yatsa Huɗu a Gidan Tarihi

Har yau idan na buɗe akwati warin kafur ya bugi hancina, sai gabana ya faɗi. Mutane suna kiransa ƙamshi, ni dai ban taɓa jin ƙamshinsa ba. Wuri biyu yake mayar da ni: ɗakin kakata a ƙauyenmu na bakin Kwara, can ƙasar Bagudo, da wani dogon ɗaki a gidan tarihi na babban birni, inda na ji tsoron da ban sake jin irinsa ba. Sai ka yi haƙuri in fara maka daga gida, don ba za ka gane na birnin ba sai ka san na gidan.

Mu masunta ne tun kaka da kakanni. Babana ba shi da ƙaramin yatsan hannun hagu. Igiyar ƙugiya ce ta tsinke masa shi tun yana saurayi, ranar da wani ƙaton giwan ruwa ya fizge ta. Wannan hannun nake riƙewa idan za mu bakin ruwa, ina murza dungun da babban yatsana, shi kuma yana ce mini har yanzu yana neman kifin da ya ci masa yatsa, duk ranar da ya kama shi ni zan ci kan. Da kifi ya yi ƙaranci sai ya koma ɗaukar mutane da kaya a jirgi mai inji, tsakanin Lolo da ƙetare, ƙasar Benin, wadda mu muke ce mata Faransa. Wata ranar kasuwar Lolo, cikin malka, ruwa ya cika ya yi ja, jirgin ya kife. An tsamo waɗanda suka rayu, an tsamo waɗanda suka rasu. Babana ne kaɗai ba a gani ba.

Maza sun bi gaɓa suna dubawa har suka gaji. Mahaifiyata ta yi takaba, daga baya ta koma wajen danginta a Geza, ni kuma aka bar wa Kaka ni. Tun a makon farko Kaka ta sa aka yanko likkafani, ta ce a ajiye don kada a same shi a tsaya nema. Ta ninke shi ta sa a adakarta, ta zuba kafur saboda gara. Duk lokacin da aka ji labarin an ga gawa a wani gari can ƙasa, sai ta tashi mutum ya je ya dubo. Tambaya ɗaya take yi idan ya dawo, yatsa nawa ne a hannun hagu.

Shekarun nan ne aka ƙaddamar da shari'a, wa'azi ya cika ko'ina. A kasuwa kaset ne, a masallaci lasifika, har mai shayi yana da tasa rediyon. Abin da ya fi shiga kunnena shi ne haƙƙin mamaci a kan masu rai: a wanke shi, a suturta shi, a sallace shi, a binne shi. Ina ji ina lissafi a zuciyata, babana bai samu ko ɗaya ba. Sai kuma wata rana a bakin ruwa, ina wanke kwanoni, na ji wasu mata suna cewa gawar da ruwa ya kai nesa aka rasa mai ita, hukuma ce take ɗauka ta kai birni, likitoci su cire naman su rataye ƙasusuwan suna koyon aiki da su. Sun rage murya da suka gan ni, amma sun makara. Na haɗiye maganar ban gaya wa kowa ba. A zatona Kaka ba ta taɓa jin ta ba, kuma na ƙudurta ba daga bakina za ta ji ba.

Ana haka yanar ido ta rufe wa Kaka idanu. Mutane suka ce kuka ne, ita ta ce tsufa ne, a bar ɗora wa ɗanta laifi. Ni na zama sandarta. Hannunta yana kafaɗata, inda na nufa can ta nufa. In gaya maka gaskiya, na ji daɗin mulkin nan. Idan ba na son mu biya gidan wata tsohuwa mai dogon surutu, sai in kauce ta wata hanya in ce ruwa ya kwanta a can.

Baffana, ƙanen babana, malamin makaranta ne a birni. Shi ya zo lokacin girbi, bayan an yanke shinkafa, ya tafi da mu aka yi mata aikin ido. Ranar da aka cire mata bandeji ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ashe haka kinka yi muni, ƙawata, anka ɓoye min?" Na ce ai gadonta na yi. Baffa ya yi dariya har da ƙwalla. Murnar ce ta sa ya ce ba za mu koma ƙauye ba sai ya kai ta ta wanke sabon idonta da kallo, akwai gidan da aka tara kayan mutanen da. Kaka ta ce kayan mutanen da ai ga ta nan zaune, amma ta yafa mayafinta muka tafi.

Muna shiga warin kafur ya tarye mu. Na ji hannun Kaka ya ɗan matse kafaɗata, don har lokacin ba ta daina dafa ni ba. Wurin shiru, da sanyi irin na cikin randa, takunmu kawai ake ji. Wani dattijo mai kula da gidan ya shige gaba yana yi mana bayani. Mun ga sulke da kwalkwali da takubba masu tsatsa. Mun ga ɗakin kayan kamun kifi, da homa da gora da mashin farautar dorina, inda Kaka ta tsaya ta yi tsaki ta ce homar nan ko tarwaɗa ba za ta riƙe ba, wanda ya saƙa ta barci yake ji. Akwai wani kada da aka cusa wa auduga aka sa masa idon kwalba, bakinsa a buɗe. Na san ya mutu, amma ban yarda na ba shi baya ba.

A wani lungu muka ga abubuwa jere a kan kanta, kowanne an lulluɓe shi da ƙyalle. Dattijon ya ce mutum-mutumi ne na laka da aka haƙo a ƙasa, tun da aka fara shari'a wasu suka yi ƙorafi cewa gumaka ne, shi ya sa aka rufe su. Wannan ya fi kadan ba ni tsoro, don ana ganin alamar kai da kafaɗu ta ƙarƙashin ƙyallen, kamar yara sun zauna sun yi shiru. Kaka ta gyaɗa kai kawai muka wuce.

Ɗaki na ƙarshe na kimiyya ne. Ni na fara sa ƙafa, don ni ce a gaba kullum. Na ga macizai a cikin kwalabe, na ga ƙwallon duniya a kan tebur. Da na juya hagu sai na gan shi. Ƙwarangwal ɗin mutum ne a tsaye a kusurwa, an rataye shi da ƙarfe ta tsakiyar kai, ƙafafunsa ba su taɓa ƙasa ba, haƙora duk a waje. Maganar matan bakin ruwa ta dawo mini gaba ɗaya. Ban so in kalli hannun ba, wallahi ban so ba, idona ne ya tafi da kansa. Hannun dama yatsa biyar. Na hagu huɗu, babu ƙaramin.

Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Na ji fitsari yana neman zubo mini. Tsoro nake ji, tsoron babana, mutumin da nake hawa wuyansa. Kuma na fi jin tsoron Kaka ta gan shi, don na tabbata idan ta gan shi a haka faɗuwa za ta yi ta mutu a wurin. Sai na yi abin da na saba. Na juya da kafaɗata zuwa ƙofa, na ce mata babu komai a nan sai kwalabe, mu koma. Na manta yanzu tana gani.

Ta ɗauke hannunta daga kafaɗata. Rabon da ta yi tafiya ba ta dafa ni ba har na manta. Ta taka a hankali har gabansa, ta yi sallama kamar mai shiga ɗakin mutane. Ba fuskar ta duba ba. Hannun hagun ta kama, ta ɗaga shi kusa da idon da aka yi wa aiki, ƙasusuwan suna ƙara ƙas-ƙas. A nan na gane ashe ta san maganar matan nan, wataƙila ma ta riga ni ji, ita ma ɓoye mini take yi.

Ta zare mayafinta ta lulluɓa masa daga kafaɗa zuwa gwiwa. Sannan ta juya ga dattijon, muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"Kunka ruhe laka, kunka bar ɗan Adam tsirara? Ɗana na. A sauko min da shi."

Baffa ya ce, "Inna, roba ta, ba mutum na ba." Amma na ga idonsa yana kan hannun, kuma muryarsa ba ta mai tabbas ba ce. Wannan ya ƙara kashe mini jiki, don idan malamin makaranta yana shakka, ni wa zan kama? Kaka ba ta ko kalle shi ba. Ta ce masa ya je ya nemo mota, likkafani yana gida, yau za a sallace shi kafin la'asar ta wuce.

Dattijon bai yi gardama ba, Allah ya saka masa. Ya tambayi Baffa a hankali abin da ya faru, Baffa ya gaya masa a taƙaice. Dattijon ya yi salati, ya je ya jawo wata durowa, ya dawo da wani ɗan abu a tafin hannunsa. Yatsan ne, da guntuwar waya a maƙale. Ya ce 'yan makaranta ne suka karya shi garin wasa, an daɗe ana cewa za a gyara. Ya nuna mata layin da ya bi ta gefen kowane ƙashi, inda aka haɗa ɓari biyu kamar na bokiti. Ya ce daga ƙasar waje aka kawo shi a kwali, bai taɓa numfashi ba.

Kaka ta karɓi yatsan. Macen da ta ƙare rayuwarta tana fiɗar kifi ba a koya mata ƙashi. Ta kankare shi da farce, ta sansana, ta sa a baki ta ɗan ciza. Muna tsaye muna kallonta. Can ta miƙa masa abinsa ta ce ba ƙashi ba ne.

Daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Numfashina ya dawo, har dariya ta so ƙwace mini. Ba babana ba ne, ba a cire masa nama ba, ba a rataye shi ba. Na juya in riƙe Kaka mu yi murna tare, sai na ga ta sulale ta zauna a kan siminti, ta miƙe ƙafafu kamar yadda ake zaman makoki. Hawaye yana fita ta idon da likita ya ce kada ruwa ya taɓa. Na durƙusa ina ce mata ai ba shi ba ne, Kaka, ba shi ba ne, ina zaton ba ta fahimta ba. Ta dube ni ta ce:

"Na sani, ƙawata. Na aza yau za ni kai shi gida."

Ni tsorona kada ya zama shi ne. Ita tun da ta ɗaga hannun nan fatanta ya zama shi ne, ko a rataye, ko a tsirara, in dai za ta samu abin da za ta sa a likkafani. Sai da na girma na haifi nawa sannan maganar ta zauna mini daidai.

Da za mu fita dattijon ya ciro mayafin zai ba ta, ta ce ya bar masa, ko roba ce siffar mutum gare ta. A shekarun nan tsohuwa ba ta fita titi ba mayafi, sai na cire ɗan gyalena na yafa mata. Har muka isa Bagudo ba ta sake dafa kafaɗata ba.

Yanzu abubuwa sun canja. Idan jirgi ya kife, kafin rana ta faɗi hoto ya zaga wayoyi daga Lolo har ƙetare, har garuruwan da ke can ƙasa, galibi akan samu mutum a kai shi makwancinsa. 'Ya'yana sun je gidan tarihin nan da makarantarsu, sun dawo suna nuna mini hoton da suka ɗauka da ƙwarangwal ɗin, ɗaya har ya rataya masa hannu a wuya. Yatsunsa biyar yanzu, an gyara. Ban yi musu faɗa ba, na dai ce su kawar da wayar daga gabana.

Kaka ta yi shekaru bayan nan da idonta garau. Da ciwon ajali ya kama ta, ta ja kunnen Baffa cewa kada a kuskura a sa ta a likkafanin adaka, a yanko mata nata, wancan yana da mai shi. Haka aka yi. Adakar ta lalace tuni, likkafanin yana cikin akwatina, ya yi jaja-jaja a wuraren ninki. Na san babu wanda zai zo. Amma duk shekara idan ruwa ya fara cika nakan fito da shi in kakkaɓe, in zuba sabon kafur, in mayar.