Famfon Bayan Gidan Surukina

Ana sallame sallar asuba muka fito daga gida a Tudun Wada, ni da uwargida da akwatuna uku, biyu daga ciki kuka ce da busasshiyar kuɓewa da yajin jego. 'Yarmu ta fari ce ta haihu a Kanada, mijinta ya aiko mana da tikiti. Keke ya sauke mu a Kwangila, muka shiga motar Abuja. Hanyar Kaduna kun san ta, ba sai na ɓata muku lokaci ba. A filin jirgi na tambayi kuɗin shayi, da aka faɗa mini sai na ji sha'awar ta fita da kanta.

Ga waɗanda ba su san ni ba, gyaran famfo ne sana'ata fiye da shekara talatin. Daga Hanwa har cikin birni da wuya a sami layin da ban taɓa tsugunawa a gindin bututunsa ba. Na so in jefa sifana ɗaya a jaka, uwargida ta ce in ba so nake a tsare mu a hanya ba in ajiye ta.

Jirgi biyu muka hau, na yi barci na farka har na gaji. Mun sauka ganyen itatuwa ya yi ja yana zuba, iska kuma tana ratsa ƙashi. Surukina ya tarbe mu da riguna masu kauri, ya durƙusa har ƙasa a gaban Turawa ya gaishe ni. Yaro ne mai ladabi, aikin kwamfuta yake yi. Titunansu sumul, ba acaɓa, ba mai shayi, ba wanda zai tsayar da kai ya tambayi iyali.

Muna isa uwargida ta kama aiki: wankan jaririya, kunun mai jego, tuwon semo da miyar kuka. Ni kuwa sai ci da barci da leƙen taga. Gaskiya abin ya dame ni. Mutumin da ya saba a buga masa ƙofa kafin ya karya kumallo, ga shi a gidan 'yarsa ba shi da wani amfani. Ga kuma alwala a banɗaki, kusa da masai, wadda zuciyata ta kasa sabawa da ita.

Rana ta biyar na zagaya bayan gida, sai ga famfo a jikin bango. An sa masa wata hular soso, an cire tiyonsa an naɗe a gefe. Na cire hular, na tarar da shi a buɗe, ko ɗigo babu. A Tudun Wada in ka ga haka, ko dai ba a kawo ruwa ba ko kuma wani abu ya lalace. To nan ruwa ba ya ɗaukewa, saboda haka aiki ya samu. Na bi bututun har ɗakin ƙarƙashin ƙasa, na ga makullinsa a rufe, na murɗe. Na fito na mayar da tiyo, na cika buta, na yi alwalata a fili kamar mutum. Ruwan ya kusa cire mini yatsu, amma ranar na ci tuwo da daɗin rai. Ban gaya wa kowa ba, ina jira su gani da kansu.

Washegari famfo ya bushe, tiyo a naɗe, hula ta koma. Na sake gyarawa. Rana ta uku da fara abin ma haka. A ta huɗu na kasa haƙuri, ana karin kumallo na ce akwai mai taɓa mini aiki a gidan nan. Surukina ya sunkuyar da kai yana juya shayin da ya riga ya huce.

'Yata ce ta yi magana. "Baba, shi ne yake rufewa kullum in ya dawo daga aiki. A nan in sanyi ya sauka, ruwan da ya kwana a bututun waje ƙanƙara yake zama, ya kumbura ya fasa bututun a cikin bango. Ba za a sani ba sai ya narke ya cika ɗakin ƙasa. Kuma an ce jibi sanyin zai fara."

Na ce, "To me ya hana a gaya mini?"

"Na ce ya faɗa maka, ya ce da wane bakin zai ce wa Baba aikinsa bai yi ba. Ni ma ya hana ni."

Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, jika ka zo gani ko gidan ka zo jiƙa musu?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Gidan nan bana suka saye shi, wannan ne sanyinsu na farko a ciki, kuma ni da ake kira gwani ni ne zan kawo musu ɓarna. Na ture kofina na ce, "Ɗana, tashi ka koya mini."

Ya nuna mini yadda ya gani a waya. A rufe makullin ciki, a fita a cire tiyo a zazzage ruwansa, a buɗe famfon waje ya tsiyaye, a bar shi a buɗe, sannan a sa hula. Ina tsaye ina kallo, sai na ga ruwan da ya fito bai kai na tsawon wannan bututu ba. Muka koma ƙasa, na kafa ido a jikin bututun. Wanda ya ɗaura shi bai ba shi gangara zuwa waje ba, ciki ya karkato, ke nan ruwa yana nan kwance. A gefen makullin akwai wani ɗan murfi kamar maɓallin riga. Na ce ya miƙo kwano. Ina kwance shi ruwa ya zubo har ya kusa cika kwanon.

Tun da ya auri 'yata bai taɓa kallona ido cikin ido ba sai lokacin. Ya ce, "Baba, wallahi ban san da wannan ba. Da a haka zan bar shi."

Bayan kwana biyu muka wayi gari ciyawa ta yi fari fat. Butar da na manta a waje cike da ruwa ta tsage daga wuya har gindi, ƙanƙara ta leƙo. Na daɗe ina jujjuya ta a hannu. Bangon gida kuwa lafiya lau.

Mun yi mako shida muka juyo, uwargida tana ta hawaye tun daga ƙofar gida. Da la'asar muka shigo Tudun Wada, 'yan garuwa suna ta kai da kawo, famfon gidana a buɗe yana jiran ranar da za a tuna da mu. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne in tambaya kafin in sa hannu, ko da a sana'ar da na tsufa a cikinta. Na kuma gane irin surukin da Allah ya ba ni, wanda ya gwammace ya riƙa gyara ɓarnata a ɓoye da ya bari in ji kunya a gidansa.

Shekaranjiya ina cin abinci ya kira. Bayan gaisuwa ya ce tukunyar ruwan zafinsu tana wani ƙara, bai kira kowa ba tukuna, yana so ya fara jin ta bakina. Na ajiye cokali na ce ya kunna hoton wayar ya kai ni wurin.