Wa zai ba albasa ruwa?

Tun dashen albasar bara waccan rabona da Aliero. Jiya mai ɗakina ta kira ni nan Fatakwal, wai Malam Sahabi ya sayar da kulob ɗin da ɗanmu Nura ke buga wa ƙwallo.

Malam ba ya sa yaro a fili sai ya gama ban ruwan gonar gidansu. Sabon mai kulob ya mayar da atisaye sassafe, daidai lokacin ban ruwa. Albasarmu har ta fara yaushi.

Na kira sabon mai kulob ɗin. "Alhaji, wa zai ba albasa ruwa?"

Ya yi dariya. "Kai da kab bar gonar kat tahi Fatakwal? Komo ka ba ta."

Bai yi ƙarya ba, amma gaskiyarsa ba ta jiƙa gona. Iyayen yara, ku yaya kuka yi?