Gurbin Dara a Kan Dakali

Shekarar da muka yi ritaya, ni da abokina malamin lissafi, sai zama ya gagare ni. In share ƙofar gida, in leƙa kasuwar Makarfi ba abin saye, in dawo in sake sharewa. Dara kaɗai ke zaunar da ni. Da la'asar mukan tona gurabe a ƙasa, ni da tsakuwa, shi da karan dawa da yake kafawa a tsaye, muna shan rake muna zargin juna da maguɗi.

Sai ya ce zai koma garinsu a kudancin Kaduna bayan Kirsimeti. Na kawo hujjoji: hanya ba kyau, rakensu ba zaƙi. Bai ko ɗaga kai ba.

Ni tarihi na koyar, kuma na taɓa karanta cewa mutanen ƙauyukan Ingila na zamanin da suna da wani wasa ɗan'uwan dara, na jera uku a layi. Don tsabar so har a kan dutsen zama na majami'u suka sassaƙa shi, yana nan har yau. Na gaya masa. Ya ce ashe tun can akwai masu kasa kunne ga wa'azi da rabin zuciya.

Na sa magini ya yi mini dakali, tun siminti na ɗanye na danna gurabe da gindin kwalba. A lissafina, mutum ba ya tafiya ya bar wurin da aka gina dominsa. Kwanakin da yake bushewa na yi ta zagaya shi ina korar awaki.

Ranar da na gayyato shi, ya zauna, ya kafa karansa na farko. Karan ya faɗi. Ya sake kafawa, karan ya gangara ƙasa.

"Malam," in ji shi, "Turawan nan naka, a cikin dutse suke kafa kara?"

Littafin da na karanta bai ce komai kan wannan ba.

Muka sauka gefen dakalin muka tona ƙasa kamar kullum. Ya cinye ni, bai rage ba.

Ya tafi a lokacin da ya faɗa. Dakalin na nan. Da damina kaji ke shan ruwa a guraben. Ni kuwa har yanzu ban iya zama a kansa ba, sai dai in share shi in wuce kasuwa.