Itatuwan da Muka Cire wa Leda

Ni na ja bututun ruwan wanki daga ɗakunan kwanan ɗalibai har lambun da ke bayan ɗakin karatu, ba injiniya, ba kwamiti. A sakandare na tsaya, na kafa shagon gyaran famfo, ko sifana ba wanda ya ba ni. Na faɗi haka don a san mai magana.

Abokina, ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, ƙanwarka ta kira ni ina bakin aiki, ta ce, "Yaya ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara ashirin da biyu kana shugaban masu lambu na jami'a, yau babu kai.

Ba na manta ranar dashen itatuwa. Manyan malamai 'yan kwamiti suka tsugunna, aka ɗauki hoto, suka binne shukokin da ledarsu. Guda ɗari uku! Ka ce, "Mai famfo, saiwa ba ta fasa leda. Ɗauko shebur." Kwana tara muna tonowa ɗaya bayan ɗaya muna yagewa. Ɗalibai na wucewa suna maka ihu, "Farfesan Bola, an samu zinariya?" Da na sare ƙafata, kai ka ɗora ni a kekenka zuwa asibiti, ka koma ka ƙarasa layin.

Kwandunan sharar da ka ware, na roba daban na takarda daban, mutane suka cika su da ragowar abinci. Wani malami ya kai ƙara wai ruwan da muke ba shuka na tara sauro, alhali motarsa a inuwar itatuwanka take yini. Ba ka taɓa zagin kowa ba. Ni na zaga, kuma ban janye ba.

Allah ya jiƙanka, ya sanyaya kabarinka kamar yadda ka sanyaya wa marasa godiya hanya. Iyalinka da ƙanwarka, Allah ya ba ku haƙuri.

Yanzu na ji za a kafa allo a bakin lambun, da sunanka da na 'yan kwamiti goma sha ɗaya. Masu binne leda! To hukumar jami'a ta ji: mu biyu muka tono itatuwan nan, ni ɗaya na rage. A rubuta sunana ƙarƙashin nasa, a saman nasu.