Tanderun Bompai da Ƙarfen Cinyata

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Sharada, mu huɗu a bayan motar kamfani, manaja a gaba. Shekara goma sha ɗaya ina hura tanderun da muke narka ƙarfe da baƙin mai. Yanzu za a kawo sabo mai aiki da lantarki, aka ce mu je Bompai mu ga irinsa, a zaɓi mutum biyu da za a koya wa aikin. Sauran biyun ba a faɗi makomarsu ba, mu ma ba mu tambaya ba.

A hanya mun tsaya wajen mai koko. Ƙosan ya ƙanƙance, har ɗayanmu ya tambaye ta ko maganin zazzaɓi take soyawa. Ni ban iya ci ba. Kusa da Bompai tireloli suka toshe titi, ƴan adaidaita suna kutsawa ta ko'ina. Na ƙirga masana'antu shida a rufe, ciyawa ta fito a bakin ƙofofinsu.

Tanderun da muka tarar ba wuta, ba hayaƙi. Tukunya ce da aka naɗe da bututun tagulla, ana zuba ƙarfe, sai ka ga ya yi ja ya narke. Na tambayi injiniyan wurin ina wutar take.

Ya ce, "Malam, maganaɗisu ne. Ko rana ma haka take. Iskar da ke kewaye da ita ta fi jikinta zafi nesa ba kusa ba. Masana na ganin igiyoyin maganaɗisu ne ke kaɗawa kamar ka girgiza igiyar shanya, kaɗawar ta hau sama ta zama zafi."

Abin ya tsaya mini a rai, wai nesa ta fi kusa ƙuna. Sai ya nuna jan layi a ƙasa, ya ce duk mai ƙarfe a jikinsa kada ya tsallake, don ƙarfen jikin nasa ma zai iya ɗaukar zafi. Tun hatsarin babur da na yi, akwai ƙarfe a cinyata ta dama. Manaja bai sani ba.

Na ja baya. Har muka yi azahar ina juya maganar. In na yi shiru, wataƙila a zaɓe ni, don na fi kowa daɗewa. Amma albashin da aka samu da ɓoye gaskiya, da wane baki zan ciyar da yara da shi?

A hanyar dawowa na faɗa wa manaja. Na kusa da ni ya zungure ni, ya ce a hankali, "Kai, wa ya tambaye ka?"

Manaja ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Allah Ya saka da alheri, Malam. Kai dai ka ci gaba da tsohon tanderun kafin a rushe shi."

Na isa gida a Na'ibawa rana tana faɗuwa. Na tsaya ina kallonta, ja kamar narkakken ƙarfe. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, ba sai ka taɓa wuta take ƙona ka ba. Maiɗakina ta tambayi ko an zaɓe ni. Na ce mata sai wata mai zuwa za a rushe tsohon.